Yadda Ake Sabunta Windows da Gyara Sabuntawar da Ta Ƙi Shiga

Kwamfutoci da yawa da ke hannun mutanenmu, a shagunan buga takardu da ofisoshi da ɗakunan ɗalibai, sun shekara biyu ko uku ba su karɓi sabuntawa ko ɗaya ba. Wani da hannunsa ya kashe ta saboda tana shanye masa data. Wani kuma wanda ya ɗora masa Windows ne ya toshe ta tun ranar farko, ya ce masa ai damuwa ce kawai. Akwai kuma wanda yake son ya sabunta, amma duk lokacin da ya gwada sai ta kai kashi 30 ko kashi 90 ta cije, ta rubuto masa cewa tana warware abin da ta fara, ta koma gidan jiya. Idan ya kai wa mai gyara, maganar farko da zai ji ita ce "sai dai a yi fomatin".

Ba na goyon bayan toshewar, ba na kuma goyon bayan saurin fomatin. Mafi yawan sabuntawar da ta ƙi shiga, ƙaramin abu ne ya tare ta: wuri ya cika, agogo ya kauce, intanet ta yanke ana tsakiyar saukewa, ko wuta ta ɗauke ta bar fayil a lalace. Duk waɗannan kai da kanka za ka iya gyara su ba tare da ka rasa ko hoto ɗaya ba.

Dalilin da ya sa na damu da maganar kuwa, ga shi. Ranar 12 ga Mayu 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bazu a ƙasashe sama da 150, tana kulle fayilolin mutane tana neman kuɗin fansa. Asibitoci a Ingila sai da suka soke ganin marasa lafiya. Alhali Microsoft ta fitar da gyaran ɓarakar da manhajar ta bi tun ranar 14 ga Maris na shekarar, wata biyu kafin abin ya faru. Waɗanda suka sabunta sun tsira. Ranar da kamfani ya fitar da gyara, ranar ce 'yan kutse ke gane inda ɓarakar take, don haka kwamfutar da ba ta karɓa ba ta zama kamar shagon da aka yi shela a kasuwa cewa kwaɗonsa ya lalace.

Kafin ka danna komai

Fara da sanin irin Windows ɗin da kake da ita. Danna madannin Windows tare da R, ka rubuta winver, ka danna Enter. Ƙaramin akwati zai fito ya nuna maka Windows 10 ce ko 11, da lambar zubinta, kamar 22H2 ko 24H2. Rubuta wannan a takarda, za ka buƙace shi a gaba.

Sai maganar wuta, wadda a wajenmu ita ce babbar mai ɓarna. Idan laftop ce, cika batirinta ka kuma bar ta a jone. Idan batirin ya mutu, irin wanda da an zare caja take mutuwa, ko kuma kwamfutar tebur ce da ba ta da UPS, kada ka fara sai kana kan sola ko janareton da ka tabbatar ba za a kashe shi nan da awa biyu ba. Saukewa ba ta da haɗari. Idan ta yanke za ta ci gaba daga baya. Wurin haɗarin shi ne bayan kwamfutar ta sake tashi, allo ya nuna kashi-kashi yana ce maka kada ka kashe ta. A lokacin ne take sauya fayilolin da take rayuwa da su.

Kwafe muhimman fayilolinka zuwa filash ko rumbun ajiya na waje. Sannan ka duba wani abu da mutane da yawa ba su san da shi ba: kullen BitLocker. Kwamfutoci da yawa suna zuwa da rumbunsu a kulle, kuma wani lokacin bayan sabuntawa sai shuɗin allo ya fito yana neman mabuɗi mai lambobi 48. Idan ba ka da shi, babu mai gyaran da zai iya buɗe maka fayilolinka. Mabuɗin yakan kasance a asusunka na Microsoft, shiga aka.ms/myrecoverykey da wayarka ka ga ko yana nan, ka kwafe shi a takarda. Wanda ya sayi laftop ta hannu ya fi kowa buƙatar yin wannan, domin mai yiwuwa mabuɗin yana asusun mai ita na farko a wata ƙasa. Idan ka duba ba ka gan shi ba, rubuta BitLocker ko Device encryption a wurin bincike na Start, ka ajiye kwafin mabuɗin ko ka kashe kullen kafin ka ci gaba.

Sabuntawa ta yau da kullum

Danna Windows tare da I don buɗe Settings. A Windows 11, Windows Update na can ƙasa a jerin hagu. A Windows 10 sai ka fara shiga Update & Security. Danna Check for updates, ka bar ta ta sauke abin da ta samo, idan ta gama ka danna Restart now. Bayan ta tashi ka koma ka sake dubawa, domin wata sabuntawar ba ta bayyana sai wata ta riga ta shiga. Maimaita har ta ce maka ba saura.

Sabuntawar iri biyu ce. Akwai ta wata-wata, wadda ke fitowa Talata ta biyu a kowane wata, ita ce mai toshe ɓaraka. Kowace sabuwa tana ƙunshe da duk na baya, saboda haka wanda ya yi wata goma bai sabunta ba, ba sai ya sauke guda goma ba, ta ƙarshe ta wadatar. Akwai kuma babba ta shekara-shekara mai sauya zubi, misali daga 23H2 zuwa 24H2. Wannan ta fi nauyi, ta fi cin lokaci, kuma ba laifi ka jinkirta ta wata biyu ko uku bayan fitowarta har a gama gano matsalolinta. Amma kada ka manta da ita gaba ɗaya, domin kowane zubi na Windows 11 Home da Pro wata 24 kawai yake samun gyara. Waɗanda ke ƙarƙashin Optional updates, musamman na direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke sa sassan kwamfuta su yi aiki, ka bar su sai idan wani abu ya daina aiki, kamar sauti ko firinta.

Kukan data gaskiya ne, kuma yana da magani ba tare da an toshe komai ba. Idan da hotsfot na waya ko MiFi kake amfani, shiga Network & internet, ka danna Wi-Fi, ka buɗe sunan layin da kake kai, ka kunna Metered connection. Daga nan Windows ta san datar a ƙirge take, za ta dakatar da mafi yawan saukewa sai abin da ya zama dole. Sau ɗaya a wata, bayan Talata ta biyu, ka sayi datar dare mai rahusa ko ka je inda akwai intanet wadatacciya, ka kashe Metered connection, ka sabunta, ka mayar da shi. Idan shago ne ko ofis mai kwamfutoci da yawa a kan rauta ɗaya, koma Windows Update, shiga Advanced options, sai Delivery Optimization, ka yarda su riƙa karɓa daga junansu, ka zaɓi Devices on my local network. Abin da ɗaya ta sauke, sauran za su iya ɗauka daga wajenta. Kada ka zaɓi ɗayan mai haɗawa da kwamfutocin intanet, domin da datarka za a riƙa aika wa baƙi.

A cikin Advanced options ɗin ne kuma za ka ga Active hours (a Windows 10 yana kan shafin Windows Update kansa), inda za ka faɗa mata sa'o'in aikinka, har zuwa awa 18, don kada ta sake tashi kana tsakiyar buga wa kwastoma takarda. Idan kana cikin jarrabawa ko wani aiki mai matsi, Pause updates zai ba ka hutun da ya kai mako biyar.

Idan ta ƙi shiga

Kafin ka fara gyara, shiga Update history ka ga wadda ta gaza. Rubuta abu biyu: lambarta mai farawa da KB, da lambar kuskuren mai farawa da 0x. Lambar kuskuren ita ce ke nuna maka inda za ka dosa. Daga nan ka bi matakan a jere, daga mai sauƙi zuwa mai nauyi, kuma bayan kowane mataki ka sake gwada sabuntawar.

Na farko, ka danna Restart, ba Shut down ba. Bambancin yana da muhimmanci: a mafi yawan kwamfutoci Shut down ba ya rufe Windows gaba ɗaya, yana ajiye wani sashe don ta yi saurin tashi, matsalar kuma sai ta tashi tare da shi. Zare filash, firinta da duk abin da ke jone wanda ba dole ba. Idan kana da VPN, wato manhajar da ke karkatar da intanet ɗinka ta wata hanya, ka kashe shi. Lambar 0x800F0922 takan fito saboda shi, ko da yake cikar wani ɗan ɓoyayyen sashe na rumbu ma na jawo ta.

Na biyu, wuri. Lambar 0x80070070 ma'anarta rumbu ya cika. Buɗe This PC ka dubi C. Idan layinsa ya yi ja, ka gano matsalar. Shiga Settings, System, Storage, Temporary files, ka goge tarkacen da ta lissafo, amma ka lura kada ka sa alama a Downloads idan kana da ajiya a ciki. Mayar da finafinai da hotuna zuwa rumbun waje. Shawarata ka bar aƙalla gigabait 20 a buɗe, musamman idan babbar sabuntawa ce.

Na uku, agogo. Wannan ƙaramin abu ne da ke wahalar da mutane ƙwarai. Idan kwanan wata ko lokacin kwamfutarka ba daidai ba ne, ba za ta amince da takardar shaidar na'urorin Microsoft ba, sai ta fitar da 0x80072F8F. Shiga Time & language, Date & time, ka kunna Set time automatically, ka danna Sync now. Duba yankin lokaci ma: Najeriya, Nijar, Kamaru da Chadi duk a West Central Africa suke, wato UTC+01:00, Gana kuma awa ɗaya baya. Laftop ta hannu takan iso da lokacin Amurka ko na Turai. Idan kuwa kullum ka kunna sai ka tarar kwanan wata ya koma shekarun baya, ɗan batirin cikin kwamfutar ne ya mutu, wani zagayayye mai kama da kwabo, galibi CR2032. Kuɗinsa kaɗan ne, a sauya shi.

Lambobi irin 0x80072EE2 da 0x8024402C na intanet ne: ko tana da rauni, ko wani saiti na tare hanya. Gwada wani layin daban, ko ka jira dare lokacin da cunkoso ya ragu.

Na huɗu, ka duba ko toshe ta aka yi. Lambar 0x80070422 kusan kullum wannan take nufi. Danna Windows da R, rubuta services.msc, gangara zuwa Windows Update, danna shi sau biyu. Idan Startup type yana kan Disabled, mayar da shi Manual, danna Apply, sannan Start. Yi haka ga Background Intelligent Transfer Service. Idan kuma a saman shafin sabuntawa ka ga rubutun da ke cewa wata ma'aikata ce ke kula da wasu saitunan, alhali kwamfutar taka ce, to ko dai tsohuwar kwamfutar kamfani ce da har yanzu take neman sabuntawa daga na'urar kamfanin, ko mai ɗora Windows ne ya sa dokar. A Windows Pro, buɗe gpedit.msc, bi Computer Configuration, Administrative Templates, Windows Components, Windows Update, duk dokar da ka ga an kunna ka mayar da ita Not configured. Idan kwamfutar wurin aikinku ce, kada ka taɓa wannan, kai wa mai kula da kwamfutocin ofis.

Na biyar, bar Windows ta gwada gyara kanta. A Windows 11: System, Troubleshoot, Other troubleshooters, sai Run a gaban Windows Update. A Windows 10 yana ƙarƙashin Update & Security, Troubleshoot, Additional troubleshooters. Ba kullum yake cin nasara ba, amma minti kaɗan yake ɗauka.

Na shida shi ne wanda ya fi yawan warware matsalar a inda wuta da intanet ke yawan yankewa. Windows tana tara abin da ta sauke a wata folda mai suna SoftwareDistribution. Idan fayil ya sauka rabi-da-rabi, za ta yi ta ƙoƙarin shigar da lalataccen tana gazawa, wata bayan wata. Lambobin 0x80070002 da 0x80070003 sukan nuna haka. Maganin shi ne ka sauya wa foldar suna don ta ƙirƙiro sabuwa. Danna Start, rubuta cmd, danna shi da ɓangaren dama na linzami, zaɓi Run as administrator, ka amsa da Yes. A baƙin allon da ya buɗe, rubuta waɗannan ɗaya bayan ɗaya, kana danna Enter bayan kowane layi:

net stop wuauserv
net stop bits
net stop cryptsvc
ren C:\Windows\SoftwareDistribution SoftwareDistribution.old
ren C:\Windows\System32\catroot2 catroot2.old
net start cryptsvc
net start bits
net start wuauserv

Layuka ukun farko suna tsayar da masu aikin sabuntawa, biyun tsakiya suna sauya suna, ukun ƙarshe suna tayar da su. Idan ta amsa maka da Access is denied a wajen sauya suna, ɗaya daga cikinsu ne ya sake tashi da kansa; kashe Wi-Fi, ka maimaita daga layin farko. Sabuntawar da ta riga ta shiga ba za ta fita ba, abin da kawai za ka yi asara shi ne datar sake saukewa. Bayan komai ya daidaita, goge SoftwareDistribution.old don ka dawo da wurin da ta cinye.

Na bakwai, idan lalacewar ta kai ga fayilolin Windows kanta, wanda 0x80073712 da 0x800F081F ke nunawa, a baƙin allon nan rubuta:

DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth

Yana buƙatar intanet, domin daga Microsoft yake ɗauko lafiyayyun fayiloli. Yakan tsaya a wajen kashi 62 ya daɗe kamar ya mutu. Bai mutu ba, kada ka rufe shi. Idan ya gama, sai ka bi shi da:

sfc /scannow

Wannan zai bi fayilolin ɗaya bayan ɗaya ya maye gurbin waɗanda suka lalace. Sake tayar da kwamfutar ka gwada.

Na takwas, ka sauke sabuntawar da hannunka. Shiga catalog.update.microsoft.com, rubuta lambar KB da ka ajiye, ka zaɓi wadda ta dace da zubin da winver ya nuna maka. A sunayen fayilolin za ka ga x64 ko ARM64; kusan duk kwamfutocinmu x64 ne. Kada ka ɗauki ARM64. Idan ta nuna fayil biyu, sauke duka, ka fara shigar da mai ƙaramar lamba. Fayilolin suna da girma, na Windows 11 kan kai gigabait da yawa, amma amfaninsu shi ne kana iya sauke su a wani wuri, ka zuba a filash, ka shigar wa kwamfutoci goma.

Lambar da ta fara da 0xC1900101 daban take: a babbar sabuntawa take fitowa, kuma direba ne ya hana. Je shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, HP ko Dell ko Lenovo, ka sauke sababbin direbobi na samfurinka. Idan kana da wata manhajar kariya ban da ta Windows, cire ta har a gama.

Idan duk wannan bai yi ba, har yanzu ba a kai ga fomatin ba. Ana iya sake ɗora Windows a kan kanta, fayiloli da manhajoji suna nan yadda suke. A Windows 11 na baya-bayan nan, shiga System, Recovery, ka nemi Fix problems using Windows Update, ka danna Reinstall now. Idan babu shi, sauke fayil ɗin ISO, wato fayil ɗin da ake ɗora Windows da shi, daga shafin Microsoft kaɗai, girmansa ya haura gigabait 5, danna shi sau biyu, buɗe setup.exe, ka tabbatar an zaɓi Keep personal files and apps kafin ka danna Install. A nan akwai tarko: idan zaɓin ya ƙi dannuwa, galibi harshen ISO ɗin ne bai dace da na kwamfutarka ba. Turancin Amurka daban, na Ingila daban. Kafin ka ƙarar da data wajen saukewa, rubuta dism /online /get-intl a baƙin allon. Idan ka ga en-US ka ɗauki English United States, idan en-GB ne ka ɗauki English International. Kwamfutar da aka ɗora wa irin Windows ɗin nan da aka rage wa kaya don ta yi sauri, wadda aka cire mata sashen sabuntawa dungurungum, ita kaɗai ce zan ce a kwashe fayiloli a ɗora sabuwa daga tushe.

Idan sabuntawar ta shiga, amma ta zo da matsala

Yakan faru firinta ta daina aiki ko sauti ya ɗauke bayan sabuntawa. Shiga Update history, Uninstall updates, ka cire ta ƙarshe, sannan ka dakatar da sabuntawa na mako ɗaya ko biyu har a fitar da gyara. Idan babba ce, Go back da ke cikin Recovery zai mayar da kai zubin baya, amma kwana 10 kawai kake da su, kuma sai idan ba ka goge foldar Windows.old ba.

Idan allo ya tsaya a kashi ɗaya, yi haƙuri tukuna. Kwamfuta mai tsohon rumbu mai juyawa tana iya shafe sa'o'i. Dubi ɗan fitilar rumbu. Muddin tana ƙiftawa, aiki take yi. Sai ta yi awa uku babu motsi sannan ka danne madannin wuta har ta mutu. Sau da yawa za ta tashi ta warware da kanta. Idan ta ƙi tashi, kunna ta, da zarar tambarin Windows ya fito ka danne madannin wuta, ka maimaita sau biyu ko uku har ta shiga shuɗin allon gyara. Bi Advanced options, Troubleshoot, Advanced options, Uninstall Updates, ka fara da Uninstall latest quality update. A nan ne za a iya tambayar ka mabuɗin nan mai lambobi 48.

Masu Windows 10

Microsoft ta rufe tallafin Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma 22H2 shi ne zubinta na ƙarshe. Kwamfutar za ta ci gaba da aiki, amma gyaran ɓaraka ya tsaya, sai ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi na ESU, wanda kamfanin ya sanar cewa na mutanen gida zai kai 13 ga Oktoba 2026. Idan kwamfutarka ta cika sharuɗɗa, hawa Windows 11 kyauta ne: RAM gigabait 4, rumbu gigabait 64, TPM 2.0 da Secure Boot (abubuwan tsaro biyu ne na cikin kwamfutar), da furosesa daga Intel zubi na 8 ko AMD Ryzen 2000 zuwa sama. Manhajar PC Health Check za ta faɗa maka abin da ya rage. Sau da yawa TPM ɗin yana nan, a kashe kawai yake a cikin BIOS, wato saitunan da ake shiga kafin Windows ta tashi, da sunan PTT a Intel ko fTPM a AMD.

Laftop da yawa da ke kasuwanninmu furosesansu Intel zubi na 6 ne ko na 7, ba su cancanta ba. Ana iya tilasta musu Windows 11, amma Microsoft ba ta yi alkawarin ci gaba da ba su sabuntawa ba, kuma babbar ta shekara sai ka ɗora ta da hannu. Idan aikinka rubutu ne da shiga intanet, Linux Mint ko Ubuntu kyauta ne, suna tafiya da kyau a kan tsofaffin kwamfutoci, kuma suna samun gyara a kai a kai. Idan kuwa dole ka zauna a Windows 10 saboda wata manhajar aiki, ka ci gaba da sabunta burauzarka, ka daina shiga asusun banki da ita, kuma duk filash ɗin kwastoma da za ka soka ka fara bincika shi da manhajar kariya.